Baldo Mai Zanen Jiragen da Suka Nutse

Makon jiya aka binne Baldo mai zane, ni kuwa ban je ba. Fada, limamin cocinmu, ya aiko wai shekara goma sha tara ta isa fushi, in zo in jefa masa ƙasa ko da cikin tafi ɗaya. Na ce a gaya wa Fada ƙafata na ciwo. Ƙafata lafiya lau take. Tunda kuwa kowa a garin nan ya buɗe baki yana yabon mutumin, har waɗanda ba su taɓa amsa gaisuwarsa ba, bari ni ma Ozana in faɗi nawa.

Tare muka tashi a bakin ruwan nan na Kotor, gidansu na kallon namu. Ubansa matuƙin jirgi ne, kakansa ma haka. Amma shi da aka sa shi a jirgi yana ɗan shekara goma sha huɗu, tun ba a fita teku sosai ba ya fara kelaya amai, bai daina ba har tsibirin Korfu. Kyaftin ya ga yaro zai mutu masa a hannu, ya haɗa shi da wani jirgin gishiri, aka dawo da shi kamar buhu. Daga ranar bai ƙara taka abin da ya fi kwalekwalen kamun kifi ba. Baldo Amai muke ce masa har ya yi furfura. To wai wannan ne ya zama alƙalin jiragen garinmu!

Duk wanda teku ya kama, tun yana cikin ruwa yake yi wa Uwargida Maryamu alkawarin in ya tsira zai rataya hoton abin da ya same shi a cocinta na kan tudu. Baldo ne ke zana su. Na farkon da ya yi, ya ɗaura wata igiya inda ba a ɗaura ta, tsofaffin matuƙa suka yi ta ƙyaƙyata dariya a cikin coci har Fada ya tsawata musu. Baldo ya sauke hoton, ya kai gida ya cusa a murhu. Tun daga nan ya kafa dokarsa. Ba ya taɓa buroshi sai ya zaunar da waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a rufe, ya zuba wa mutum barasar inabi, ya yi ta tatsarsa da tambaya. Daga ina iska ta taso? Filafilai, wato manyan ƙyallayen kama iska, nawa ke buɗe? Wa ke tsaye a ina? Abin da aka gaya masa shi yake zanawa, ba ƙari ba ragi.

Mazanmu da yawa ba su san baƙi ba, amma su tsaya gaban hoton jirgi, yanzu za su gaya maka wanda ya yi sakaci. Shi ya sa ake tsoron hannun Baldo. Lokacin yaƙin Kirimiya, wani mai jirgi da Faransawa suka ɗauki hayarsa ya dawo yana cika baki wai igwar Rasha ce ta nutsar da shi. Baldo ya ji ta bakin ma'aikatansa shida, ya zana jirgin a kan duwatsu, rana tsaka, babu ko hayaƙin taba balle na igwa. Mutumin ya tattara ya koma Tiriyaste da zama. Mun sha dariya ranar, ni ma na sha, ban ɓoye ba.

Bai yi aure ba, wa za ta aure shi? Tuwon masara da kifin gishiri, safe da yamma, yana ci yana goge hannu a wandon da fenti ya mayar kamar fata. Amma mijina, Allah ya ji ƙansa, yana sonsa, shi ya sa da na haifi Tripo aka ba Baldo ya riƙe shi a wurin baftisma. Da hannunsa ya ɗauki ɗana. Ku riƙe wannan.

Tripo yana da shekara ashirin da shida a kakar 1871, shi ke riƙe da sitiyarin Zora, jirgin Kyaftin Gaspar. Sun ɗauko alkama daga Odesa za su Tiriyaste. Saura tafiyar yini ɗaya iskar kan dutse ta faɗo musu, jirgin ya kife. Cikin mutum goma sha ɗaya, uku suka rayu a kan guntun katako: kyaftin, da Spiro kuku, da wani Bagirike, mutumin Girka, da ya kama gabansa tun daga Tiriyaste. Wani jirgin hayaƙi ne ya tsince su. Ko takalmin ɗana ban gani ba.

Ban gama kukan mutuwa ba sai ga wata. Gaspar ya dawo yana faɗa a kowace mashaya cewa shi ya naɗe filafilansa tun da ya hango farin girgije a kan dutse, alamar zuwan iskar, amma Tripo ya bugu, ya karkata jirgin ya ba wa igiyar ruwa haƙarƙari. Gidaje bakwai ke makoki tare da ni a garin nan, dare ɗaya duk suka juya mini baya. In na je rijiya sai a yi tsit. Wata da na karɓi haihuwarta da hannuna ta tofa yawu a gabana.

Tripo mashayi? Yaron da ko a biki rabin kofi ke sa shi barci? Ƙarya ce, kuma na san inda gaskiya take. Matar Spiro ta raɗa mini cewa mijinta yana surutu cikin barci, wai tsere Gaspar yake yi da jirgin hayaƙin nan don ya riga shi sayar da alkama, filafilai duka a buɗe.

Da na ji Gaspar ya ba da aikin hoton alkawarinsa, na sa baƙin mayafina na tafi wurin Baldo. Na tarar har ya fitar da jikin jirgin da gawayi.

Na ce, "Yaya za ka zana filafilan?"

Ya ce, "A naɗe. Haka kyaftin ya faɗa."

"Kuma ka yarda? Kai da ka riƙe yaron nan yana tsumma?"

"Ba yarda ce aikina ba, Maman Tripo. Shaida ɗaya gare ni. Bagirike ya tafi. Spiro kuwa sau uku ina aika masa, ya ce shi tukunya ya sani."

"In na kawo maka shi fa?"

Ya ajiye gawayin. Ya ce, "Ki bar Spiro da tukunyarsa. Ki je gida."

Kai, raina ya ɓaci! Na ce, "Au, an toshe maka baki ke nan? Tir da kai, Baldo Amai. Matsoracin ruwa, matsoracin masu kuɗi. Da mijina na raye da ya fasa maka wannan hancin."

Ya ɗauki gawayinsa ya ci gaba da zane. Na bugo masa ƙofa har ƙura ta zubo.

Spiro na tarar a bayan gidansu yana fere albasa. Da ya gan ni ya nemi zillewa, na cafke wuyan rigarsa.

"Inna, don Allah ki sake ni."

"Ka ci abinci a gidana ko ba ka ci ba?"

"Na ci, Inna."

"To tashi."

"Inna, abin da ya wuce ya wuce. Ki bar shi haka, ya fi miki."

Na ɗauka tsoron Gaspar yake ji. Na ja shi ta tsakiyar kasuwa, ƙaton mutum yana bina kamar akuya, masu kifi suna ihu, "Ozana ta yi kamu!" A ƙofar Baldo na ciro gicciyen wuyana na ɗora hannunsa a kai. Na ce ya rantse zai faɗi duk abin da idonsa ya gani, kada ya rage ko ƙwaya, in ya rage teku ya cinye 'ya'yansa. Yana kuka ya rantse. Baldo ya shigar da shi ya rufe ƙofa, ni ina zaune a kan dakali. Sun daɗe. Da Spiro ya fito bai kalle ni ba, ya bi ta lungu. Ni kuwa na koma gida, ranar na ci abinci har da ƙari.

Aka sa ranar rataya hoto, Lahadi bayan sujada. Coci ya cika maƙil. Gaspar na gaba da rigarsa mai maɓallan zinariya, yana gyaran gashin baki. Ni na zauna inda kowa zai gan ni. Fada ya yayyafa ruwa, aka yaye ƙyallen.

Zora ce sak, ta kwanta a gefe, filafilanta duka a buɗe tun daga ƙasa har ƙololuwa, ga farin girgije a kan dutse wanda makaho ma zai gani, ga jirgin hayaƙi can baya. A ƙofar ɗakin kyaftin kuwa ga Gaspar yana leƙowa da tsumman cin abinci a wuya. Ashe ma ba ya waje lokacin da abin ya faru! Coci ya ɗauki gunaguni. Wani tsoho ya ce, "Da wannan iskar? Wannan ai kisan kai ne."

Na miƙe. Na manta a ɗakin Ubangiji nake. Na ce, "Gaspar, ina barasar ɗana? Nuna mini ita! Maƙaryacin banza, ka kashe mutum takwas don buhun alkama, ka ɗora wa matacce!" Fuskarsa ta yi fari fat. Na juya kan matan da suka guje ni, na ce kowace ta zo ta buɗe idonta da kyau. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Sai na lura gunagunin ya mutu. Tsofaffin sun matsa kusa, amma ba filafilai suke kallo ba, ƙarshen jirgin suke kallo. Ɗaya ya cire tabarau ya sunkuyar da kai. Na ture su na isa gaban hoton.

Sitiyari ba kowa. Mutane shida na can sama a kan igiyoyi suna kokawa da filafilai, ɗaya ya riga ya faɗa ruwa. A gefe kuma, wurin da ake rataye kwalekwalen tsira, ga mutum guda da gatari a sama yana saran igiya, shi kaɗai, ya juya wa sitiyari baya. Jar hula ce a kansa. Ni na saƙa ta.

Kowa a cocin nan ya san abin da ke faruwa da jirgi in aka saki sitiyari cikin irin wannan iska. Juyawa yake yi ya ba wa igiyar ruwa haƙarƙari, ya kife. Matar da ta tofa mini yawu ce ma ta kama hannuna za ta zaunar da ni, na fizge.

Da yamma na sami Baldo yana wanke buroshi.

"Allah ya isa tsakanina da kai, Baldo."

"Na ce miki ki je gida."

"Ka san da haka?"

"Ban sani ba. Amma mutum ba ya ƙin magana sau uku a banza."

"To ina ɗana? Ya shiga kwalekwalen?"

"Ya shiga. Igiya ɗaya ta tsinke kafin ɗayar, ya kife da shi."

Na durƙusa, ni Ozana, a gaban Baldo Amai. Na ce, "Ɗigon fenti ne, bai kai ƙwayar wake ba. Gaspar ya riga ya sha kunyarsa. Ka matsar mini da yaron taku huɗu, ka mai da shi kan sitiyari. Ko ka shafe shi gaba ɗaya, a ce ruwa ya tafi da shi. Ɗanka ne kai ma."

Ya ajiye buroshin. Ya ce, "In na matsar da shi, gobe Gaspar zai zo in naɗe masa filafilai. Ke kika sa mutumin ya rantse."

Na tofa yawu a cikin kwanon fentinsa na fita. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya. Ya ƙara zana jirage goma sha wani abu, har jiragen hayaƙi suka kashe namu, aiki ya ƙare masa, ya koma rubuta sunaye a jikin kwalekwale. Duk Kirsimeti yakan ajiye kwandon busasshen ɓaure a ƙofata, ni kuwa in zuba wa alade.

Yanzu suna cewa mutumin gaskiya ne. E, na ji. Su ba a kan 'ya'yansu ya yi gaskiyar ba.

Fada ya taɓa cewa in ina so a ɗauke hoton a kai ɗakin ajiya. Na ce duk wanda ya taɓa shi sai na karya masa hannu. Kowace Lahadi ina jira coci ya watse, in ja kujera in hau, don idona ya yi rauni. La'anannen ya iya aikinsa. Yadda Tripo ke ɗaga kafaɗar hagu in zai sari itace, da ɗan karkacewar wuyansa, duk suna nan cikin wannan ɗigon. Ba ni da wani hoton ɗana a duniya sai shi, kuma a ciki gudu yake yi.