Kawu Fonse, Mai Ji da Haƙora

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kullum kafin kowa ya sauko kwatar jirage a garinmu na bakin mashigin tekun Placentia, Alphonsus Hynes ya riga ya iso. Mu Kawu Fonse muke ce masa. Gyaran injin kwale-kwale ne sana'arsa, amma ba da shi yake farawa ba. Bin jirage yake ɗaya bayan ɗaya, yana duba langa-langar ƙarfen da ya ƙera ya ɗaura wa kowa a kan sanda. Ita ke sa manyan jiragen dakon mai su ga ɗigonka a na'urarsu. In babu ita, a wurinsu ruwa ne kawai a nan. Wanda ya cire tasa kuwa, sai ya tarar Kawu ya zare masa fulogin inji.

"Kawu, ba ni fulogina, ƙaguwa ba ta jira!"

"Kabari kuwa yana jira, ɗan nema. Mai da gwangwaninka."

Zagi kam ya sha shi, amma ko a jikinsa, don ƙarar inji ta daɗe da cinye masa kunnuwa.

Bernadette Pittman, masunciya mai 'ya'ya uku, ita ta ba ni wannan labari. Bara injinta ya riƙa tari, ta ɗauki Kawu su gwada shi a ruwa. Da hantsi hazo ya rufe su, har ba ta ganin goshin kwale-kwalenta. Inji ya mutu, rediyo ya bi shi, a tsakiyar hanyar manyan jirage. Ko an ga ɗigonsu, irin wannan jirgi ba keke ba ne da za a taka masa birki.

Ruwa ya kwanta lumui. Tsuntsaye ma suka yi tsit.

Ta ɗaga murya a kunnensa: "Mun gode Allah, Kawu, shiru nake ji!"

"Shirun ne ba na so, 'yar nan. Babban jirgi injinsa yana can baya. Goshinsa ba ya magana."

Sai ya tsoma filafilin tuƙi a ruwa, ya ciji kan sandar da haƙora, ya rufe ido. Ta ce wallahi ta ɗauka tsoho ya zare. Ashe bugun farfelar babban jirgi yake saurare, yana biyo ruwa, ya biyo itace, ya shiga ƙashin kansa. Ya mai da filafilin ɗaya gefen, ya sake ciza, yawu na zuba.

"Ta nan yake. Ja dama, 'yar nan! Ja!"

Suka ja har tafin hannunta ya fashe. Can sai hazon ya yi baƙi. Bangon ƙarfe ya fito daga cikinsa, ba a ganin samansa, ya ratsa daidai inda suka baro. Ba oda, ba fitila, ba ko mutum ɗaya da ya leƙo. Abin da ya sauko musu kawai ƙamshin suyar albasa. Wani yana can sama yana haɗa abincin rana, bai san sun taɓa zuwa duniya ba.

Kai ne, Kawu, kurman da ya fi masu kunne ji. Kai ne ka yarda a tsane ka da safe, don a dawo gida da yamma. Watan nan ka ajiye sifana ka yi ritaya, kuma ni dai tsoro nake ji, ban ɓoye ba.

Ku masu fita, ku ɗaura langa-langarku ba sai an zare muku fulogi ba. Wanda ya ga ta maƙwabcinsa ta faɗi, ya matsa masa irin na Kawu, ko da zai yi baƙin jini. In hazo ya sauko kuma, kada shiru ya ruɗe ku.

Mun gode, Kawu Fonse, Allah ya ƙara lafiya. Har yau Bernadette ba ta iya soya albasa a gidanta, amma ita ke dafa wa 'ya'yanta abinci.