Gidan da Ba Shi da Hula

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci Kirsimeti, shekarar da nake aji biyar a tsakiyar shekarun saba'in, Kaka Asabe ta tashe ni tun kafin jirgin ƙasan Kafanchan ya yi kukansa na safe. Ta ɗaura zanen zumuntar matan majami'a, ta sa takalmin robar da ba ta sawa sai ranar jibin Ubangiji a majami'a, ta ce in goge kaushin ƙafata da kyau. Ran nan ne aka ba 'yan majami'armu izinin shiga masaukin da aka gina wa shugaban ƙasa a kan tudun bayan ƙauyenmu, kusa da Fadan Kagoma. Kowa ɗokin ganin gidan gilashi yake yi. Kaka kuwa mijinta za ta nema.

A kan tudun nan aka haife ni. Can gidanmu yake a dā, bukkoki da rumbunan acca sun kewaye wata tsohuwar ɗorawa. A falalen dutsen bayan gida muke shanya citta bayan mun kankare ta har yatsu su yi raɗaɗi, in manya suka kau da ido mu mai da dutsen wurin zamiya, kaya su yage, mu sha bulala, gobe mu koma. A gindin ɗorawar aka binne kakana, kamar yadda ake yi a wurinmu: mutum ba ya barin gidansa don ya mutu, matarsa kuma gefensa take kwanciya in lokacinta ya yi. Kullum da safe Kaka takan share kabarin, ta ba shi labarin wadda ta haihu da akuyar da ta ɓata. Da aka tashe mu zuwa gangare aka kewaye tudun da waya, sai ta rasa sanin ko katafila ta bar shi ko ta kwashe shi. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, sai dai tuwonta ya riƙa dawowa.

Ni dai da muka haura, bakina ya ƙi rufuwa. Gidan a kan ginshiƙai yake tsaye, kamar rumbu a kan duwatsu, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa. Rufin shimfiɗe yake, ba jinka ba kwano. Kaka ta ɗaga kai ta ce, "Wannan gida ba shi da hula." Bangon gabas na bulo ne mai huji-huji, rana na shigowa tana saƙa tabarma a ƙasa. Ɗaya gefen gilashi ne daga ƙasa har sama, ka ga gonakin citta da rafin da muke ɗebo ruwa kamar an rataye su a bango. Matakalar ba ta jingina da komai ba, na hau ina jin kamar za ta tashi da ni. Ciki sanyi kamar randa. Na so gidan nan ƙwarai, har yau ban shiga ginin da ya kai shi kyau a idona ba.

Wani ma'aikaci mai farar riga ne ke zagawa da mu. Ya kai mu tsakiyar gidan, inda aka bar fili buɗe, sai ga ɗorawarmu tsaye. Ya ce mai zanen ginin ne ya hana a sare ta, ya sa aka kewaye ta da ɗakuna. An shafe ƙasan da siminti mai santsi da sheƙi har gindinta. Kaka ta saki hannuna ta cire takalmi. Ma'aikacin ya ji daɗi, ya ce Mama ta san darajar wuri. Ita ko ta bi babbar saiwar da ta sani, ta durƙusa, ta ɗora tafinta a kan simintin.

"Baban Iliya, ni ne," ta ce wa kakana. "Shekara nawa kana ce za ka sa mini kwano, ba ka sa ba. Yanzu ga ka a gidan shugaban ƙasa, ni ina can cikin ciyawa."

Matan zumunta suka fara dariya, sai dariyar ta yanke. Ta ɗago ta dubi ma'aikacin. "Yarona, in na mutu, akwai wuri a nan gefe?" Ya dubi fastonmu, fasto ya dubi ƙasa, can ya ɗauko waƙar sujada. Kaka ba ta yi waƙar ba. Ta kunce ɗankwalinta ta share wurin, ko da yake babu ko ƙwayar ƙasa a kai.

Da damina ta rasu, aka binne ta a bayan majami'a, a gangare. Iya sanina, shugaban ƙasa bai taɓa kwana a masaukin ba. Yanzu yaran ƙauyenmu ba su san mun taɓa zama a tudun ba, kuma an daina binne kowa a tsakar gida. In na bi hanyar nakan rage gudu in duba. Fentin ya koɗe, amma ginshiƙan na nan daram, ɗorawar kuma ta yi tsawo ta baza rassa a kan rufin. Gidan ya sami hula. Kaka ce ba ta sami wurinta ba.