Abin da Kyauta Ba Ta Gaya wa Sa'adu Ba

Duk Achida babu wanda bai san Gwaggo Kyauta ba. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya tar raba mu, kuma tun muna 'yan mata muke faɗa muna shiryawa. Daddawa take saidawa, amma ba da ita anka san ta ba. In an yi rashi, ko mota ta faɗi a hanyar Wurno, ko kwalekwale ya kife a gulbin Rima, ita ake aikawa cikin gida ta gaya wa mata.

Tana da yadda take yi. Ba ta shiga da kuka. Ta yi sallama, ta roƙi ruwan sha, ta sauke tukunya daga wuta, ta kore yara waje, sannan ta zaunar da matar gidan kusa da ita. Sai ta ce jikin wane ya ɗan motsa. Can ta ce an ce ya yi tsanani. Haka za ta yi ta jan mutum a hankali har shi da kansa ya ce innalillahi. Ita dai ba ta taɓa furta kalmar mutuwa da bakinta ba, kuma tana alfahari da haka. In na ce mata wannan kewaye-kewaye ya yi yawa, sai ta harare ni ta ce, "Ke Mas'uda, magana zarar bunu ce. Ke da bakinki kamar garwashi, wa zai aike ki?"

Ƙanenta Sa'adu shi ne ranta. Ita tag goye shi bayan rasuwar innarsu, ita tay yi mashi aure, kuma da matarsa tar rasu ita tat taya shi renon ɗiyarsa Sharifa. Albasa yake nomawa a fadamar Goronyo. Sharifa ta girma ta zama malamar firamare a Marnona, anka sa mata rana da Faruk, mai gyaran injin ban ruwa. Burin Sa'adu ɗaya ne a duniya, kuma kowa ya gaji da jinsa: ya zauna ƙofar gidansa a ɗaura auren ɗiyarsa yana ji, ya dafa kanta ya sa mata albarka.

Ana cikin rani idanunsa sunka yi rawaya, ciki ya kumbura, shi kuma yana ramewa. Munka ce shawara ce, anka yi ta dafa sassaƙe. Da abin yaƙ ƙi, Kyauta tak kai shi wani asibiti a Sakkwato, anka ce kansar hanta ce. Likitar, wata mai suna Mahbuba, tana cikin masu wani bincike. Da yardar Sa'adu anka ɗebi ɗan yankin ƙarin da ke hantar anka aika da shi awo.

Ranar da sakamako yad dawo ni nar raka su, don haka da kunnena naj ji. Sa'adu yana kwance a ɗakin maza, likita tak kira Kyauta gefe. Tac ce ƙari in yana girma da gaggawa, iskar da jini ke kai mashi ba ta isarsa. To akwai wasu ƙwayoyin halitta a cikinsa da ke farkawa in iska ta yi ƙaranci, su koya mashi rayuwa a haka, ya ƙara taurin kai, ya yaɗu. Su ake dubawa. In an tarar sun farka da yawa, galibi ciwon ba ya jira. Na Sa'adu sun farka da yawa, kuma hoton hantarsa ma haka yan nuna.

"Mama, wannan ba duba ba ne, bincike ne, kuma rai na hannun Allah," in ji ta. "Amma in yana da abin da yake son yi, ya yi shi kafin damina. Bari in shiga in yi mashi bayani."

Kyauta tar riƙe mata hannu. "Ɗiyata, wanga aikina na tun ba a haife ki ba. Ni za ni gaya mai."

Likita ta so ta yi gardama, amma ganin furfura sai taƙ ƙyale ta. Munka shiga. Sa'adu yaɗ ɗago kai yac ce, "Yaya, mi anka ce?"

Na ga ta gyara zama kamar yadda ta saba, ta gyara mashi matashi, ta ba shi ruwa. Nac ce a raina to an fara. Sai naj ji ta ce, "Da sauƙi, Sa'adu. An ce ka riƙa shan magani." Daga nan ba ta ƙara ba.

A mota na yi mata tas. Nac ce, "Haba Kyauta! Wannan ba matar wani ba ce da za ki ja ta har ta gane da kanta. Mutumin nan duk abin da kinka ce shi ne gaskiya a wurinsa tun yana goye." Tac ce in bar ta, a hankali ake yi, za ta gaya mashi in ya ɗan yi ƙarfi. Ƙarfin mi, don Allah? Tsoro ne kawai ya kama ta, ta kasa.

Dangin Faruk mutanen kirki ne. Sun zo gaida Sa'adu, sunka ga yadda ya koma, sunka ce ko a matso da ranar, a ɗaura ko da ba biki. Sa'adu yas sa anka kira yayarsa. A gabansu yat tambaye ta, "Yaya, ba ke kinka ji daga bakin likita ba? Za ni tashi ko?"

Wallahi ina bakin ƙofa ina yi mata ido. Ta sunkuyar da kai tac ce, "In Allah ya so za ka tashi."

Sai yay yi murmushi yac ce da baƙin, "Kun ji. Ba ni aurar da ɗiyata ina kwance kamar buhun gero. A bari sai kaka, in zauna da ƙafafuna."

Bai ga kaka ba. Gero na fara bununi yar rasu, da hantsi, kansa a cinyar Kyauta. Babu wanda yak kai mata labari, babu kuma wanda tak kai wa.

Tun daga nan Kyauta ba ta koma daidai ba. Daddawar ma sai ta bar ta ta lalace a kwando. Mutane sunka yi ta ba ta haƙuri, suna cewa kwana ne ya ƙare, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Takan ce, "Na san ban kashe shi ba. Amma ranar auren nan tasa ce, ni nah hana shi ita." Ni da nake da baki, ban musa mata ba, don gaskiya ta faɗa.

Da kaka anka ɗaura auren. Wani baffan Sharifa ne yay yi walicci. Da la'asar, ana shirin kai amarya, anka kawo Sharifa gaban Kyauta ta yi mata nasiha a madadin uba. Ɗaki cike da mata. Sharifa tad durƙusa, taɗ ɗaga mayafi kaɗan, murya ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, ran da su Faruk sunka ce a matso da rana, kin san Baba ba ya kaiwa kaka?"

Na ga bakin Kyauta yana motsi, tana neman ta inda za ta kewaya. Sai ta daina nema.

"Na sani," tac ce. "An gaya mani tun rani. Ya tambaye ni, nac ce mai da sauƙi."

Sharifa ba ta yi kuka ba. Ta kalli gwaggonta, sannan tas saki mayafin, tam miƙe. Kyauta ta ɗaga hannu za ta dafa kanta, amma ƙawaye sun riga sun kama ta sun yi ƙofa da ita.