Ƙaton Hayaƙi da Tauraro

A ƙauyenmu, kusa da Tama, idan sanyi ya kama, kakata Inna Haɗi kan tara karan hatsi a tsakar gida bayan isha'i ta kunna. Mu jikoki mu zagaye ta, gabanmu zafi, bayanmu sanyi. Ba ta fara gatana, wato tatsuniya, sai an yi mata tambaya.

Ran nan ni na tambaya: "Inna, mi ya sa tauraro ke ƙyafta ido?"

Ta ce, "Matso, ɗan nema, ga ta nan ta iso ku."

Wai akwai wani ƙato, jikinsa duk hayaƙi ne, ba ƙashi ba tsoka. Sanyin sama ya dame shi, ya roƙi wani tauraro ya bar shi ya ji ɗumi. Tauraro ya ce bismilla. Ƙato ya matsa, ya ji daɗi, ya ƙara matsawa. Da ya so tafiya, ƙafa ta ƙi. Tun ranar yake kewaya wutar, fuska na ƙuna. Duk sa'ad da ya gitta gaban tauraron, hasken sai ya dushe.

Na ce, "Ya kuɓuta?"

Ta tura kara cikin wuta. "Wa ya tahi ya ɗauko shi? Ku tashi ku kwanta."

Da na girma na gama lise, wato sakandare, ban samu aiki ba, na bi 'yan garinmu Libiya. Wani mai gidan burodi ya ɗauke ni, ya karɓi fasfona wai zai adana mini. Shekara uku ina gaban tanderu. Ɗakin kwanana na jikin bangonsa, ko titi ba na leƙawa don tsoron kamu. In na tambayi fasfo, sai ya ce gobe.

Wata Juma'a da rana ina latsa salula, na ci karo da bayanin wata duniya da masana suka gano. Ƙatuwa ce, iskar gas zalla, ta kusanci tauraronta har tana zagaye shi cikin 'yan kwanaki, gefe guda kullum yana kallon wuta. Ba su gan ta da ido ba. Hasken tauraron ne ke raguwa kaɗan in ta gitta. Har suka ce zafi na cinye iskarta sannu a hankali.

Na dubi hannuwana, gashinsu duk ya ƙone. Na kira gida don in gaya wa Inna ƙatonta gaskiya ne. Kawuna ya ɗauka. Ya ce an yi sadakar arba'in ɗinta tun makon jiya, sun ɓoye mini don sun san ba ni da halin zuwa.

A da na ɗauka gargaɗi take mana kan kwaɗayi. Ranar na gane tausayin ƙaton take ji, don sanyi ne ya kai shi, kuma ba mai zuwa ɗaukarsa.

Sai da na ƙara wata biyar kafin na yi ƙarfin halin barin fasfon a hannun mutumin, na hau motar Agadas, na kama hanyar gida.