Hawan Jinin da Inna Ba Ta Taɓa Yi Ba

Ni malamin lissafi ne, kuma halina ne in na yi tambaya a ba ni amsa, ba a ce mini sai haƙuri ba. Wannan halin ne ya kusa raba ni da yayana a shekarar korona, a kan abin da ya kashe mahaifiyarmu.

Ina koyarwa a Kaduna lokacin da aka rufe makarantu. Na tattara ’yan kayana na hau motar Funtuwa, daga can na kama ta Yankara, na ƙarasa ƙauyenmu a bayan babur. Na iso da mura da tari da ciwon gaɓoɓi, ko miyar kuka na sa a baki ba na jin ɗanɗanonta. Na ce iskar mota ce ta buge ni. Inna ta dube ni sau ɗaya ta sa aka karyo mata ganyen bedi, wato darbejiya, daga bishiyar ƙofar gida, ta haɗa da na mangwaro da na lemun tsami, ta dafa a babbar tukunya. Ta zaunar da ni a tabarma, ta ajiye tukunyar a gabana, ta lulluɓe ni da bargo don in yi sirace.

Tun ina yaro ni mai ha’inci ne a wajen sirace. Da tururin ya fara cizona sai in ɗaga gefen bargon in saci iska. Inna ta san wannan sarai, ga ni da furfura ta fara fito mini amma ba ta yarda da ni ba. Sai ta cusa kanta cikin bargon ta danne gefunan da hannuwanta, goshinta kusa da nawa, ina tari tana cewa, “Shaƙa da kyau, ka daina raki.” Kwana uku muka yi haka, safe da yamma, na miƙe garau.

Ban cika sati biyu da warkewa ba Inna ta kwanta. Zazzaɓi ya fara, sannan numfashi ya riƙa yi mata wuya. Mun yi shirin kai ta asibiti ta ce ba inda za ta, kuma gaskiya ko ta yarda, hanyarmu a lokacin ba ta ɗaukar marar lafiya ba ce. Ta cika da hantsi cikin azumi. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta yi mata wanka, kafin azahar an rufe ta. Ba wanda ya auna ta, ba wanda ya ɗebi komai a hancinta.

Abin da nake son sani guda ɗaya ne: ni na kawo mata cutar ko ba ni ba ne. Ban iya faɗin wannan a bakina ba, sai na naɗe shi cikin maganar ƙidaya, na zama mai neman gaskiya saboda al’umma.

Kuma akwai abin ƙidayar. A watan nan tsofaffi sun yi ta tafiya a yankinmu, in ka dawo daga gaisuwar wannan sai a ce ka ji ta wancan. A majalisar gindin tsamiya kowa ya zama likita. Rediyo na gefe tana ƙara mana wuta, yau wani ya ce korona ce ke kwasar mutane ana ɓoyewa, gobe wani ya ce zazzaɓin cizon sauro ne da ciwon suga da zafin bazara. Wani direba ya rantse mana cewa korona cutar masu hawa jirgin sama ce, ba ta san hanyar ƙauye ba. Wani tela ya ce ana ƙara yawan matattu da gangan, maƙwabcinsa ya ce a’a, ragewa ake yi, suka kusa cin kwalar juna, alhali a cikinsu ba wanda ya taɓa ƙirga ko kabari ɗaya. Liman ya ce ajali ne. Na ce Malam, ai ba mu musa ba, amma ajali yana da sanadi. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan boko, ya ci gaba da jan carbinsa.

Wanda ya fi ɗaure ni wani dattijo ne da ya gudo daga wajen Sabuwa da iyalinsa. Ya bari na gama dogon bayanina, sannan ya ce, “Malam, mu da aka kashe mana mutane a gona da bindiga, ba wanda ya zo ya ƙirga su. Sai na tari za a ƙirga?” Maganar tasa ta ƙara ba ni haushi.

Na ɗauko tsohon littafin darasi na ja layuka, na ce ni zan ƙirga da kaina. Na fara da mutumin da ke jagorantar haƙar kabari. Ya ce shi bai taɓa ƙirga mutum ba, mutum ba akuya ba ne. Na bi gidajen da aka yi rashi. Ko’ina amsa ɗaya ce, kamar an haɗa baki: gajeriyar rashin lafiya. Wace iri? Ta ajali. Ya yi tari? Allah Ya ji ƙansa. Wani gida aka ce mini tsufa ne, mutumin da na gani da idona yana sharar gona sati uku kafin nan. A wajenmu ba a tona ciwon mamaci, ana ganin kamar tsiraita shi ne, ni ma da wannan aka raine ni. Amma wallahi a lokacin ji nake kamar in kama mutane in girgiza su. Littafina ya cika da layuka, gurbin sanadi kuwa fayau, har da layin Inna da na sa a farko.

Bayan salla sai ga ma’aikatan lafiya sun zo garin, suna bin gidajen da aka yi rasuwa da takardar tambayoyi. Na ji daɗi ƙwarai, na ce yau dai za a yi magana ta hankali. Wata malama mai takunkumi a fuska ta zauna a zaurenmu, Yaya ya zauna gabanta a matsayinsa na babba, ni ina gefe. Yayana manomi ne, bai yi boko ba, amma in ya ga dama ya fi lauya iya zillewa.

Ta ce, “Baba, marigayiya ta yi tari?”

Ya ce, “Wa ba ya tari?”

“Numfashi ya yi mata wuya?”

“Wanda zai cika ai numfashi ne ke ƙare mai.”

Ta yi haƙuri ta ce, “Tana da wani ciwo da aka sani tun da?”

Ya ce, “Hawan jini. Ta daɗe da shi.”

Na juya na dube shi. Inna ba ta taɓa hawan jini ba. Ni da kaina na kai ta aka auna ta a Funtuwa shekara guda kafin nan, likitan har yana tsokanarta wai jininta ya fi nawa kyau.

Malamar ta duba takardarta ta ce, “Akwai wanda ya zo gidan nan daga wani gari kafin ta kwanta?”

Yaya ya ce, “Babu.”

Ina zaune fa, taku biyu tsakanina da shi, takalmin da na zo da shi daga Kaduna yana bakin ƙofa. Na buɗe baki ke nan sai Gwaggo ta ƙwala mini kira daga cikin gida, wai in zo maza akuya ta saƙale a danga. Na shiga na tarar da akuya kwance tana tuƙa abinta. Kafin in fito malamar ta rufe takarda, Yaya yana raka su yana yi musu Allah Ya kiyaye hanya.

Ranar na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce irin wannan ne ya sa ba za a taɓa sanin gaskiya a ƙasar nan ba, na ce mutane sun taso takanas don su taimake mu ya zauna ya shirga musu ƙarya, kuma a kan mahaifiyarsa. Na ce in kowane gida ya yi abin da ya yi, sai a tashi a ce cutar ba ta kashe kowa ba, gobe ta dawo ta same mu a zaune. Har yanzu ina ganin maganata gaskiya ce. Yaya yana ta gyara ƙotar fartanyarsa. Da na gaji ya ce, “Ka gama, Malam?” Shi in ya kira ni Malam, zagi ne. Na ce ban gama ba, gobe zan bi ma’aikatan har ofishinsu a Faskari in sa a gyara takardar. Ya saɓa fartanya ya tafi gona.

Washegari da safe na ari babur na fito da shi tsakar gida na tayar da shi. Gwaggo tana zaune a kan turmi tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ina za ka?”

Na gaya mata.

Ta ce, “Kashe shi ka zo nan.” Na zo na tsuguna. Ta ce, “Mi kake so a rubuta?”

Na ce, “Gaskiya, Gwaggo.”

“Kai ka san ta?”

Na ce ban sani ba, shi ya sa nake so a bincika.

Ta ajiye faifan ta ce, “To ita ma ba ta sani ba, amma ta yi zato. Kwana biyu kafin ta cika ta sa na kira yayanka, kai ka tahi neman magani. Ta ce tana jin abin da ake faɗi a rediyo, ta ce in ta tahi za a zo ana tambaya. Ta ce ku ce hawan jini ne. Yayanka ya ce Inna, ai ba ki da shi. Ta ce daga yau ina da shi. Ta ce yaron nan mai ƙididdiga ne, in aka rubuta waccan cutar zai zauna ya lissafa kwanaki, ba zai ƙara samun barci ba. Ta ce kuma ba shi ya ce in shiga bargon ba, ni na shiga.”

Gwaggo ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Ta ce, “Yanzu in za ka Faskari ka ƙaryata ta, ga hanya nan.”

Na daɗe a tsugune. Kwanakin da Inna ke gudun in lissafa, na riga na lissafa su tun ranar da aka rufe ta, na sake lissafawa ya fi a ƙirga. Ta san ni, amma ta makara. Haushi ya kama ni, nata da na Yaya da na Gwaggo da akuyarta, sannan kuka ya zo mini irin wanda ban yi ba ranar jana’iza.

Na mayar wa mai babur babur ɗinsa. Da yamma na bi Yaya gona, ya miƙo mini ƙwaryar iri, yana sara ina zuba dawa ina takewa har muka kai ƙarshen kunya.

Har yau in na ji ana gardama a kan yawan mutanen da annobar ta kashe, raina yana ɓaci da kowane ɓangare, don na san yadda ake cike takardun, a zaurenmu aka cike ɗaya. Littafina yana nan a akwati. Gurbin sanadi na kowa fayau yake, ban da layin farko, inda na rubuta hawan jini da hannuna.