Gida Biyar a Hannun Kinue

Shekara arba'in da huɗu muna shanyar kifi tare da Kinue, ban taɓa ganin rana ta taɓa mata hannu ba sai bazarar bara. Daga kan duwatsu aka kawo ta amarya tsibirinmu, 'yar masu gonar lemo, fara sol, har tsofaffi suna cewa ba za ta yi wata uku a bakin teku ba. Ta yi, ta haifi ɗa, ta binne surukai biyu, tana nan. Aikinmu kuwa ba ya son inuwa. Jiragen maza su dawo da ƙananan kifin nan da ba su kai tsawon farce ba, a tafasa su a ruwan gishiri, mu baza su a kan raga, mu yi ta juyawa da hannu har su bushe. Kowace mace tana rufe jikinta, amma rufin Kinue daban yake: malfa mai faɗi, ƙyalle a wuya, wani a hanci, safar hannu har hammata. Idanu biyu kawai za ka gani suna aiki.

Na girme ta da shekara shida, Yaya take ce mini. Tun da maigidana ya rasu, kullum da safe in na ajiye masa shinkafa gaban hotonsa, na kunna turare, na gama addu'a, sai in ji takalminta na katako a bakin ƙofa. Ba ta taɓa shigowa kafin in gama ba. Tana jin ƙarar 'yar ƙararrawar da nake bugawa, sai ta jira.

Mijinta Tsutomu shekararsa saba'in da ɗaya, ya yi duhu kamar tsohon katakon jirgi. Shi ba ya sa malfa, ya ce iskar teku ta kwashe masa guda uku tun yana saurayi. Tawul yake naɗawa a ka kamar sauran masunta, kunnuwa a waje, ƙeya a waje. A farkon shekarar bara wani ɗan ƙurji ya fito masa a saman kunnen hagu, ya yi ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, ya sake ɓawo. Da ƙyar Kinue ta tura shi asibitin gari a jirgin fito. Aka yanke wurin, aka ɗinke. Likita ta ce rana ce ta jawo, an yi sa'a an kama da wuri, amma fatar kunnuwansa da ta ƙeyarsa duk sun gaji. Ko ya riƙa shafa man kariya daga rana kullum, ko ya bar teku.

Ɗansu Atsushi yana birnin Osaka, a wani dogon bene, hawa na tara. Da ya ji labari ya bugo waya, ni ma ina zaune. Ya ce zai zo a watan takwas lokacin bikin tunawa da matattu, shi da kansa zai mayar da uban wurin likita. In aka ga rana tana ci gaba da gasa shi, za a sayar da jirgi, ga ɗaki nan ya gyara musu. Kinue ta ajiye waya ta ce, "Yaya, kin san mijin nan nawa. In aka sa shi a hawa na tara, ba zai kai sabuwar shekara ba. Zama zai yi gaban taga yana neman ruwa."

Atsushi bai tsaya a magana ba, ya aiko da mai. 'Yar kwalba ce mai ruwan zinare, ba ta fi babban yatsa biyu ba, takardar kuɗin tana maƙale, yen dubu uku da wani abu. Tsutomu ya buɗe ya sansana.

"Ke, wannan ai na amare ne."

"Shafa dai, Baban yara."

"Kuɗin kwandon kifi guda zan shafa a kunne?"

Ya shafa sau ɗaya don ta ƙyale shi. Fuskarsa baƙa, man kuma fari, ya fito kamar wanda ya faɗa cikin garin shinkafa. A bakin ruwa ya tarar da Genzo, abokin jan ragarsa tun suna yara, mai bakin da ba ya hutawa. Genzo ya dafa gwiwa yana dariya.

"Jama'a ku zo ku ga amarya! Tsutomu, wa ya biya sadakin? Har da ƙamshi! Yau kifi da kansu za su biyo ka."

Tsutomu ya wuce ya hau jirgi. Amma a teku gumi ya gangaro da man cikin idonsa, ya yi ta hawaye yana jan igiya. Da ya dawo ya jefa kwalbar a aljihun tebur, ya ce ko an yanke masa kunnuwan duka biyu ba zai ƙara ba. Saura wata biyu da rabi Atsushi ya zo.

Ranar da iska ta hana jiragen kamun kifi fita, Kinue ta ce in raka ta gari. Muka shiga babban kantin magani, ta tsaya gaban kantar man rana. Ni ban san suna da yawa haka ba, jere bisa jere, mai ruwa-ruwa, mai kauri, mai fesawa, na yara. Ta fito da tabarau, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya haura yen dubu ta wuce shi. Na ce mata ba na kuɗin ya fi kyau ba? Ta ce, "Yaya, wanda zai ji zafin kuɗinsa ɗigo ɗaya zai riƙa sawa, in ma ya sa. Ina son wanda zai lafta ba ya lissafi."

Matar da ke tsaron wurin ta zo ta sunkuya mana. Ta ce duk waɗannan lamba hamsin ce a jikinsu, wato ƙarfin kariyarsu, duk suna karewa.

"'Yar nan," in ji Kinue, "mu ma kowa cewa yake kifinsa na yau ne. Wanne ne ba ya bin gumi? Wanne ne ruwan gishiri ba ya wankewa? Mutumin nan ba ofis yake zuwa ba."

Matar ta nuna mata uku, Kinue ta ƙara ɗaya daga na yara, mai hoton agwagwa, don an rubuta babu ƙamshi. Da ta ɗaga shi wani abu ya yi kacau a ciki, ta mayar da sauri, ta ce wannan ya fashe. Matar ta yi murmushi ta ce ƙwallon ƙarfe ne aka sa da gangan, sai an girgiza sosai kafin a shafa, in ba haka ba ruwan sama kawai zai fito, maganin yana kwance a ƙasa. Kinue ta sa ta maimaita. Huɗun duka ba su kai kuɗin kwalbar zinaren nan ba.

Washegari a wurin shanya ta yi abin da ya sa mata suka tsaya da aiki. Ta zare safar hannun hagu. Hannun fari kamar cikin tuffa, jijiyoyi shuɗaye a kwance. Ta miƙo mini alƙalamin da muke rubutu a jikin akwatunan kifi ta ce in ja mata layi, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, gida biyar. Ta shafa kowane mai a gidansa, na biyar ta bar shi haka.

"Na biyar fa?" na ce.

"In ban bar ɗaya ba, da me zan gwada?"

"Zai ƙone, Kinue. Fatar nan ba ta san rana ba."

"Shi ya sa za ta faɗi gaskiya da wuri. Tasa ta riga ta yi baƙi, ba a ganin komai."

Ta ajiye bokitin ruwan teku a gefen ragarta. Lokaci-lokaci ta tsoma hannun, ta fito da shi, ta goge da tawul da ƙarfi, yadda ta san mijinta yana goge wuya. A goshi kuma kowace rana mai ɗaya take shafawa, don ta ji wanda zai shiga ido in gumi ya karyo. Wata a cikinmu ta ce, "Kinue, shekara arba'in kina ɓoye mana, ashe don mijin nan naki mai kama da gawayi za ki fito da shi." Ta ce, "Gawayin nawa ne." Aka yi dariya aka koma juya kifi. In ta hango jiragen sun nufo gaɓa, sai ta mayar da safar.

Kwana shida ta yi. Ni ke sabunta layin kullum, don haka na ga yadda abin ya tafi. Mai ruwa-ruwan nan mai daɗin shafawa, wanda ba a jin sa a jiki, tun rana ta biyu gidansa ya yi ja, bokiti ɗaya yake wanke shi. Na biyu ya riƙe, amma ranar da ta sa shi a goshi ta yi ta ƙifta ido. Na uku ba laifi, sai dai yana barin fari. Gidan mai agwagwa kuwa yadda na ja masa layi ranar farko haka yake. Na biyar ba na son tunawa. Ya yi ja, ya kumbura, a rana ta biyar ya yi bororo biyu. Na ce ta bari haka, ta ƙara kwana ɗaya, ni kuma da safe na ƙara sunanta a addu'ata. Daga baya da likita ta gani ta yi mata faɗa sosai, ta ce kar ta sake, kuma da gaskiyarta.

Ina gidansu ranar da Tsutomu ya gani. Na kai musu kokwambar da na jiƙa a gishiri, suna cin abincin rana. Kinue ta miƙa hannu za ta zuba masa shayi, hannun riga ya zame, audugar da ta rufe ƙunar da ita ta bayyana. Ya riƙe wuyan hannun, ya ture rigar sama. Ya daɗe yana kallon layukan.

"Mene ne wannan?"

"Gwaji."

"Wa ya sa ki?"

"Kunnenka."

Ya ɗaga audugar a hankali, ya mayar. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya sa yatsa a gidan da ya rage fari.

"Wannan wanne ne?"

Ta tashi ta ɗauko. Ya juya kwalbar, ya ga agwagwa tana murmushi.

"Haba, ke. Na jarirai?"

"Yen ɗari bakwai. Ba ƙamshi, ba ya shiga ido, in ka murza sosai ba ya fari. Ka girgiza tukuna. Kunnuwa, ƙeya, hanci, bayan hannu. Duk sanda kuka ɗago raga ka ƙara. In ya ƙare akwai wani, kar ka yi masa rowa."

Ya dube ni kamar mai neman ceto. Na ce, "Ni dai layi na ja." Ya ɗauki baƙin tef ɗin da yake naɗe waya da shi a jirgi, ya naɗe kwalbar tsaf har agwagwar ta ɓace, ya sa a aljihun rigar aiki.

Tef ya rufe hoto, bai rufe ƙara ba. Da safe muna shimfiɗa raga, shi yana sauka zuwa jirgi, kowane taku kacau, kacau. Genzo ya ɗaga kai daga igiya.

"Tsoho, me ke kuka a aljihunka? Ko an sake haihuwarka ne aka saya maka abin wasa?"

Tsutomu ya tsaya. Ya fito da kwalbar, ya girgiza ta da ƙarfi a gaban kowa, ya zuba a tafin hannu, ya murza a kunnen da aka ɗinke, ya murza a ɗayan, ya sunkuyar da kai ya shafe ƙeya.

"Matata ta gasa hannunta ta zaɓo mini," ya ce. "Taka ta taɓa gasa maka ko dankali?"

Maza suka kwashe da dariya, wannan karon kan Genzo. Kinue tana kusa da ni, ba ta ɗago ba, tana ta baza kifi a wurin da ta riga ta baza.

Ba zan ce kullum ya cika ƙa'ida ba. Akwai ranakun da kifi ya yi yawa ya manta ƙarawa, ya dawo da ƙeya ja, ta tare shi tun a bakin ruwa. Amma kafin watan takwas ya ƙarar da kwalba uku.

Atsushi ya zo, suka je suka wanke kabarin kakanninsa, washegari ya kai uban asibiti. Kinue ba ta bi su ba. Ta zo gidana ta zauna a bakin baranda, ta taya ni gyaran furannin da zan kai wa maigidana. Da jirgin fito na la'asar ya iso, muka sauka. Tsutomu ne ya fara fitowa, da ɗan plasta a ƙeya. Na ji Kinue ta riƙe numfashi. Ashe wani tsohon tabo ne mai kaushi likita ta ƙone da wani ruwa mai tsananin sanyi, ba sabo ba. Kunnen ya warke lafiya. Likita ta ce ya ci gaba da abin da yake yi, ya dawo bayan wata shida, kuma har yanzu tana son ya sa malfa mai igiya.

"Malfa kuma sai mun yi shawara," in ji Tsutomu.

Atsushi ya dubi uwarsa, ya ce, "Mama, bana na ƙyale ku. Baɗi zan sake kai shi." Ta ce to. Bayan kwana biyu ya koma Osaka shi kaɗai.

Muna dawowa daga rakiyarsa Tsutomu yana gaba, hannu a baya. Bai waiwayo ba ya ce, "Ke, in za ki gari ki sayo biyu. Genzo ya ishe ni da aro."