Uwar Zare da Ƙanshin Ruwan Farko

Duk garin Gwiwa an san ni da barkwanci da ci. Har cewa ake in na zauna gaban akushi, ƙudajen unguwa sai su yi ƙaura zuwa Roni. Amma ranar da aka yi ruwan farko, ƙasa ta tashi da ƙanshin nan nata, kada kowa ya neme ni.

Ina ɗan shekara bakwai, zamanin da Bature ke rangadi a kan doki, fara ta cinye mana gero ƙarƙaf. Kakata, Iya Dije, ita ke riƙe da ni. Da almuru takan hura wutar kara a tsakar gida, ta turo mini ɗan tuwon dusa.

"Maigidana, bismilla. Wace mace ke riga mijinta sa hannu?"

"Ke fa, Iya?"

"Na ci nawa a madafi, acici. In ka rame, wa zai kwashi tsohuwa?"

Sai in suɗe akushin har in hango fuskata a ciki. Ita kuma ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta iso, a ba ta wuri."

Wai akwai Uwar Zare a ƙarƙashin ƙasa, ta fi gashin jariri siranta. Tana miƙa hannuwa ko'ina tana cin ruɓaɓɓen ganye. In abinci ya ƙare, sai ta tura 'ya'yanta sama su miƙe tsaye, tana narkar da jikinta tana shayar da su. Su kuma su tsinke ƙwaya-ƙwaya kamar carbi, su yi barci, iska ta kwashe su. Ran da ruwa ya sauka su farka, kowace ta zama uwa.

"To ita uwar fa?"

"Ka san ƙanshin ruwan farko? Ita ke nan. Shi kaɗai ta bari."

Saura kwana uku a yi ruwa, Iya ba ta tashi ba. Maƙwabciyar da ta yi mata wanka ta fito tana kuka, tana cewa ƙashi ne kawai da fata. Ashe babu wani nata a madafi. Ni na cinye, ina lasar yatsa, ina tsokanarta.

Da na girma, wani malamin gona na hukumar En'e a Kazaure ya sa ƙasa a madubin ƙara girma ya ce in leƙa. Wallahi ga zaren, ga carbin! Ya ce wasu ƙananan halittu ne: in yunwa ta zo, na ƙasa ke mutuwa su ciyar da na sama, kuma daga gare su ƙanshin yake fitowa. Iya ba ta taɓa ganin madubin nan ba. Labarin kanta take ba ni kullum, ni kuwa ina jiran a zo wurin dariya.

Malamin ya ga ina murza ido, ya ce, "Ko ƙasa ce ta faɗa maka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, buhu guda."